Nicodemus Daso, Matafiyin da Ba Ya Ɗaukar Ruwa

Haihuwarsa

An haifi Nicodemus Daso a garin Pankshin a shekarar 1950. Mahaifinsa Daso mai bishara ne, mahaifiyarsa Nanret kuwa manomiya. Tun yana ƙarami yake bin mahaifin ƙauye-ƙauye a ƙafa, kuma a wurinsa ya gaji ƙa'idar da ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa, cewa matafiyi ba ya ɗaukar ruwa, sallama yake yi a ba shi.

Karatu da aure

Ya kammala kwalejin horon malamai a 1972, ya koyar da labarin ƙasa shekara da shekaru. A 1976 ya auri Yemima, wadda ko kasuwa ba ta zuwa a ƙafa muddin akwai abin hawa.

Zamansa a Greensboro

A 1999 iyalin suka koma ƙasar waje, suka zauna a birnin Greensboro, unguwar Glenwood. Kowace Lahadi yakan taka zuwa coci a garin Pleasant Garden, 'yan'uwa suna tsayar da mota suna cewa, "Baba, shigo mana, ko motar ce ta lalace?" Ranar da ƙishirwa ta fara kama shi a hanya, ya ƙwanƙwasa wata ƙofa kamar yadda ake yi a gida, masu gidan suka tsorata, sai ga 'yan sanda. An rabu ana dariya, amma hali zanen dutse, washegari ya ƙwanƙwasa wata, aka ba shi.

Bayan ya yi ritaya a 2013, ya himmatu ga rubuta littafin jagora ga masu doguwar tafiya a ƙafa, daga duwatsun yammacin jihar da suke zaune har bakin teku. Kowane babi yana nuna hanya, wurin kwana, da gidajen da suka shayar da shi suka kuma amince su shayar da na bayansa.

Babin ƙarshe

A 2019, saura babi ɗaya ya isa teku, gwiwarsa ta ƙi. Mai buga littafin ya ba da shawarar a zaga da shi a mota. Nicodemus ya ce hanyar da ƙafa ba ta taka ba, alƙalaminsa ba zai rubuta ta ba. Littafin ya tsaya cik, abin ya dame shi ƙwarai, har wata safiya Yemima ta ce, "To, tawa ba ƙafa ba ce?" Ta ɗaura takalmi ta kama hanya, tana mita tana sallama a ƙofofi, kowace yamma ta buga waya shi kuma ya rubuta. Littafin ya fito a 2021 da sunansu su biyu, murnarsa kuwa ba ta misaltuwa.

Rasuwarsa

Ya rasu a gida a watan Mayun 2024, aka binne shi a Greensboro. Ya bar Yemima da 'ya'ya uku: Justin, Ƙauna da Nanven. Daga Glenwood har makabarta Yemima ta ƙi shiga mota, jama'a suka bi ta a ƙafa. Babu wanda ya ɗauki ruwa. Mutanen gidajen da ke cikin littafin ne suka zo daga nesa, suka jeru a bakin hanya da kofuna.