Ranar da Baba ya zauna a ƙofar rumfar zaɓe

Bayan an gama yankan dawa, a shekarar da aka yi zaɓe da akwatuna gab da samun mulkin kai, ina 'yar shekara tara, na ga mahaifina ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar makarantar unguwarmu ta Azare ya ce ba ya tashi. Agana ce ta tafi da idonsa tun yana yaro a Katagum. Bai taɓa bara ba. Tufkar igiya yake yi, mu yara mu jiƙa masa rama a kududdufi, mu saɓe ɓawonta, Fulanin Jama'are su zo su saya don ɗaure maruƙa. Ko jagora ba ya yarda in yi masa. Da na kama bakin sandarsa sai ya ce, "Saki, Ladi, je ki yi gaɗarki. Hanya ta san ni."

A ranar, shi da makafin unguwarmu suka tafi da takardunsu na zaɓe. Ni kuwa tallan dafaffiyar gyaɗa ta kai ni wurin, don mata ba su da ƙuri'a a lokacin. Akwatunan suna cikin aji, kowanne da hoton jam'iyyarsa a manne, mutum ya shiga shi kaɗai ya jefa. Malamin zaɓen, wani saurayi mai ladabi, ya durƙusa ya ce, "Malam Audu, ku kawo in jefa muku, kada ku wahala." Har goro ya miƙa masa, yadda ake ba mabaraci.

Baba bai karɓa ba. Ya ce, "Ɗana, ido na rasa, ba hannu ba." Ya zauna, ya ciro rama daga aljihu ya fara tufka a cinyarsa. Sauran ma suka zazzauna, suka tare ƙofa. Rana ta take, layi ya yi tsawo, masu ido suna ta gunaguni, wani ma ya ce, "Yau kuma makafi ne da siyasa?" Ni kuwa ina tsoron dogari ya zo ya ja shi a ƙasa. Shi ko motsi bai yi ba. Sai wajen azahar aka yarda: a gaban wakilan kowane ɓangare a faɗi jerin akwatunan da ƙarfi, daga dama zuwa hagu, sannan kowa ya fito. Baba ya shiga yana lalube da bango, ya daɗe, ya fito yana karkaɗe hannu. Har ya koma ga Allah bai gaya wa kowa inda ya jefa ba, ko Inna.

Yanzu gwamnatoci sun zo sun wuce, ni ma na koyi ɗan rubutun nan a ajin yaƙi da jahilci. Amma ran nan a asibiti na ji ma'aikaciya tana tambayata me ke damun maƙwabciyata makauniya, alhali ga ta zaune a gabanta. A hankali na ce, "'Yata, tambaye ta, tana da baki."

Har yau dai sai an zauna a ƙofa kafin a buɗe.