Irin Geron da Muka Daka a Kulle

Shekarar da cutar korona ta shigo, muna zaune a wasu gidajen gwamnati a bakin garin Batsari, waɗanda aka fara ginawa ba a ƙarasa ba. Daga Yasore muka gudo, bayan 'yan bindiga sun kore mana shanu. Ɗaki ɗaya muke, ni da maigidana da yaranmu da surukata. Wasu ɗakunan ma sun fi namu cunkoso.

Wani maƙwabcinmu ya dawo daga ci-rani yana tari. Aka zo da mota aka tafi da shi, aka ɗaure ƙofar shiga da sarƙa, aka zuba masu gadi. Ba shiga, ba fita. Suka ce mu riƙa ba juna tazara, mu yawaita wanke hannu. Famfon kuwa yana wajen katanga, sai mai gadi ya ga dama yake karɓar jarkokinmu ya ba masu tura ruwa.

A ciki azumi ya same mu. Abincin da aka yi mana alkawari ya zo sau ɗaya, daga nan shiru. Abin da ya rage a ɗakinmu shi ne irin geron da maigidana ya ɗauko a ka ranar da muka gudo. A kansa yake ɗora kai ya kwanta.

Wata la'asar aka yi ruwan shuka. Maza suka taru a bakin ƙofa, ƙamshin ƙasa yana shigowa ta tsakanin ƙarafa. Maigidana ya ce wa mai gadin, "Yallaɓai, ka taimaka. Shuka kawai zan yi in dawo."

Ya ce, "Malam, ni ma umarni aka ba ni. Idan na buɗe maka, aikina ya tafi."

Maigidana ya dawo ya zauna. Ƙaramar 'yarmu ta daina kukan yunwa, sai kallo kawai. Surukata ta daɗe tana dubanta, sannan ta ce mini, "'Yar nan, je ki aro turmi."

Maigidana ya ce, "Inna, iri ne fa."

Ta ce, "Ni na zaɓe shi zangarniya-zangarniya, na san iri ne. Kwance bakin buhun."

Ni na daka shi. Shi kuwa ya fita tsakar gida ya juya mana baya har na gama. Na dama kunu, muka ɗiba wa mai jegon da ke ɗaki na kusa. Surukata takan kurɓa kaɗan ta tura wa yara kwanon, ta ce azumi ya ƙulle mata ciki. Ba mu gane ba sai da ta kasa tashi alwala.

Ta rasu kafin sallah. Mutum kaɗan aka bari suka raka ta maƙabarta, babu zaman makoki.

Ranar da aka cire sarƙar, geron mutane ya kai gwiwa. Maigidana ya ari fartanya, ya hau acaɓa zuwa Tsaskiya yin ƙwadago a gonakin wasu. Tamu gonar ciyawa ce ta cinye ta a waccan daminar.