Baba Ƙwanƙwasa Ya Ajiye Guduma

Da gari ya waye za ka ji ƙarar ƙofar gidan da ke bayan tasha. Baba Ƙwanƙwasa ne ya fito, guduma a kafaɗa, sifana a ƙugu, jar tuta naɗe a hammata. Aikinsa duba layin dogo ne: kilomita tara zuwa tsohuwar gada, tara dawowa, duk a ƙasa. Bayan 'yan taku sai ya tsaya ya ƙwanƙwasa ƙarfe, ya kasa kunne. In ya ga noti ya saki ya ɗaure, in ciyawa ta toshe hanyar ruwa ya cire. Ƙwanƙwasar nan ce ta zama sunansa, har jikokinsa ba su san wani ba. Shekara talatin da huɗu ke nan, kuma ƙarshen watan nan zai yi ritaya.

Ni maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba mu, mahaifina kuwa ɗan dako ne a rumfar kaya ta tashar. Na tashi na ga jirgin kaya shida a rana: siminti, hatsi, taki, tarago har talatin. Sai masana'antar siminti ta rufe, aka gyara babbar hanya, 'yan kasuwa suka koma tirela. Shida ta koma biyu, biyu ta koma ɗaya a mako. Masu duba layi su takwas ne a da; aka yi ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya har ya rage shi kaɗai. Ba mai zuwa ya ga ko ya fita ko bai fita ba. Amma ya ci gaba da fita.

Mai shayin bakin tasha ya taɓa tsokanarsa: "Baba, wa kake wa shara? Jirgin da sai Laraba, yau Asabar fa!"

Ya ce, "Ai ruwan sama bai san Laraba ba, ɗana."

Ba a yi shekara ba maganar ta tabbata. Wata safiya a damina ya tarar ruwa ya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin layi, ƙarfe na reto a kan rami. Ya ji ƙugin jirgi daga nesa, na musamman ne da ba a sanar da shi ba. Dattijo mai shekara hamsin da doriya ya zubar da kayan aiki, ya ruga kan tsakuwa yana kaɗa tuta. Direban jirgin da bakinsa ya ba ni labari. Ya ce, "Da na taka birki na sauko, tsakanina da ramin bai kai tsawon tarago uku ba. Na same shi durƙushe yana haki, takalmi ƙafa ɗaya. Abin da ya fara ce min, 'Ba ka ji ciwo ba ko?'"

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba wannan ba ne. Bara hukumar jirgi ta ce kaya sun yi ƙaranci: ko dai a rufe layin a sayar da ƙarafan, ko a mayar da shi na fasinja in har zai iya ɗauka. Gari ya ɗauka. Masu kai kaya kasuwa, ɗalibai, tsofaffin da mota ke jijjigawa in za su asibiti, kowa ya sa rai. Aka ce wata injiniya za ta zo ta duba, Baba ne kuma zai zaga da ita. Kafin zuwanta mu biyar muka je muka same shi a ƙofar gida, kuma ina cikinsu, ba zan ɓoye ba. Kowa ya san ginshiƙin tsohuwar gada ya tsage. Muka roƙe shi ya kawar da kai in an zo wurin.

 Ya dube ni ya ce, "Malam, in jirgin ya zo, 'yarka za ta hau?"

Na ce za ta hau.

"To, a kan gadar nan za ta bi."

Da injiniyar ta zo ya kai ta har ƙarƙashin gadar, ya nuna mata tsagar da yatsansa, da sauran wurare goma sha ɗaya masu rauni. Wata biyu wasu ba sa amsa gaisuwarsa. Matarsa ta ce ko a kasuwa sai da aka yi mata habaici, wai mijinta ya kashe gari. Shi dai bai fasa fita da safe ba.

Sai ga rahoto ya fito. Injiniyar ta rubuta cewa a duk layin, yankin Baba ne kaɗai aka san ciwonsa ciki da bai, don haka daga nan za a fara gyara. Yanzu haka ma'aikata na aikin gadar. Jirgin fasinja kuwa har yau ba tabbas, ana dai maganar gwaji baɗi. Ko ya zo, Baba ba ya cikin ma'aikata.

Baba, kai ne ka tsare hanyar da duniya ta juya wa baya. Kai ne ka zaɓi fushinmu a kan makokinmu. Mun yi maka gurguwar fahimta, ka yafe mana.

Jiya na shiga gaishe shi, na tambaye shi me zai yi bayan ritaya. Matarsa ta riga shi daga tsakar gida: "Ya huta mana! Mutum ya ƙarar da ƙafafunsa a aikin jirgi, sau biyu kacal ya taɓa hawansa."

Ya yi dariya ya ce, "In ya zo ku nema min kujerar taga. Ina so in ga layin nan ina zaune."

Mun gode, Baba. Allah ya ba ka lafiyar da za ka zauna a kujerar nan. Mu kuma da muka rage a bakin aiki, kowannenmu yana da inda ba mai duba shi sai Allah. Gobe da safe, mu fita.