Mararrabar da Baba ya gina a falo

Shekara ashirin da biyu Baba ya yi yana tsaron mararrabar da layin dogo ya ratsa titin mota, a bakin garin da aka haife mu. In jirgi ya taso daga tasha sai a buga masa waya, ya sauke sandar tare hanya, ya tsaya da jar tuta a hannu har taragon ƙarshe ya wuce. Abokan aikinsa Jar Tuta suke ce masa. Mu ma in muna son tsokanarsa haka muke kiransa daga nesa, ya ɗaga takalmi kamar zai jefe mu. Ba shi da yawan magana, kuma bai taɓa makara wurin aiki ba.

Ina 'yar shekara goma sha shida, wata rana da tsakar rana, jirgin kaya ya kwashi wata babbar mota cike da leburori a mararrabar. Mutum tara suka mutu, har da direban. Sandar ta yi wata biyu a karye. Sau uku Baba yana rubuta takarda a zo a gyara, ba wanda ya leƙo, da tuta kawai yake tsayar da motoci. Kwamitin bincike ya zauna kwana biyu, ya raba laifin gida biyu: direba ya yi ganganci, mai tsaro ya yi sakaci. Direba yana kabari, saboda haka Baba aka sallama. Aka karɓe gidan ma'aikata da muke ciki, muka koma birni, ciki biyu da falo a saman wani bene.

"Na ɗaga tuta," haka yake gaya wa duk wanda ya zo jaje. "Ya gan ni ƙuru-ƙuru ya ƙi taka birki. Mutanen nan ko wurin ba su je ba, a takarda suka yanke hukunci."

Da ya ga ba za su je ba, sai ya ce shi zai kai musu wurin. Ya samu aikin gadin rana a wani gidan burodi, duk ranar hutunsa kuma ya hau mota ya koma mararrabar da tef ɗin awo da littafi. Ya auna titi, ya auna kwanar da layin ya yi, da ɗakin gadinsa, da siton da aka gina kusa da hanya. Taku goma a can, tsawon tsinken ashana ɗaya a nan. Kafintan da ke ƙasan benenmu ya ba shi tsohon ƙyaure, ya ɗora shi a kan kujeru biyu a tsakiyar falo.

Ban san Baba yana da hannu ba sai lokacin. Da wayar keke ya yi layin dogo, ya jera tsinkayen ashana a ƙarƙashi ɗaya bayan ɗaya. Gidaje na kwalin magani ne, rufinsu kuma gwangwanin madara da ya buɗe ya matse da bayan cokali har ya yi tudu da kwari kamar kwanon gaske. Dusar katako yake rinawa ta zama ciyawa. Bishiyoyi kuwa soson katifa ne ya tsattsage ya manna a kan murɗaɗɗiyar waya. Tsakuwar gefen layi daga wurin ya ɗebo ta a aljihu, ya daka a turmin Mama, ranar sai da suka yi faɗa. Yayana ya samo masa jirgin wasan yara mai batir a kasuwar 'yan gwanjo, Baba ya kankare fentinsa ya mayar da shi baƙi.

"Malam, garin naka akwai kasuwa?" Mama takan tambaye shi daga kan kekenta na ɗinki. "In akwai, ka sayo mana gishiri."

"Ba a buɗe ba tukuna, sai an gama masallaci."

Ƙyaure ɗaya ya zama uku. Falo ya cika, sai da gefe ake ratsawa. Abinci ma a ɗakin Mama muke ci, a bakin gado, gidan kullum yana warin gam da fenti. Baƙi suka rage zuwa don ba wurin zama. Shekara uku ana haka.

Ranar da ya ce ya gama, ni kaɗai ce a gida. Ya yi babbar motar da kwali, ya yi siffar kansa da waya da ƙyalle, ɗan mutum bai kai farce ba, da jar tuta a hannu. Ya ajiye shi daidai inda ya tsaya ranar hatsarin. Sannan ya naɗe takarda kamar bututu, ya durƙusa ya sa ido a bayan motar, don ya ga abin da direban ya gani. Ya daɗe a durƙushe. Da ya ɗago, fuskarsa ta canza.

"Auta, zo ki leƙa. Me kike gani?"

Na leƙa. "Sito, da bangon ɗakin gadi."

"Tutar fa?"

"Ba na ganinta, Baba."

Ya sa hantsaki ya matsar da ɗan mutumin gaba kaɗan, kan wani farin layi da ya zana a bakin titi.

"Yanzu fa?"

"Ga ta nan, ja wur."

Ya zauna a ƙasa. "Kan farin layin nan ne wurin tsayuwata. Ranar zafi ya yi yawa, na ja baya taku huɗu na shiga inuwar ɗakin. Ina ganin motar, na ɗauka shi ma yana ganina." Ya dubi hannunsa. "Bai gan ni ba, Auta. Bawan Allahn nan bai gan ni ba."

Na ce ai da an gyara sandar da duk wannan bai faru ba. Ya ce gaskiya ne, amma sandar ba ita ta shiga inuwa ba.

Da ya gaya musu, Mama ta ci gaba da ɗinkinta. Yaya kuwa tashi ya yi tsaye.

"Baba, wa ya tambaye ka? Shekara uku muna cin abinci a bakin gado don ka wanke kanka, sai kuma ka kama kanka da hannunka? Ka rufa mana asiri ka yi shiru."

Bai yi shiru ba. Ya sa rigarsa mai kyau ya tafi ofishin jiragen ƙasa, na raka shi. Muka wuni a kan benci. Daga ƙarshe wani akawu ya ce an rufe fayil ɗin tuntuni, shugaban kwamitin ya yi ritaya, layin ma an daina bin sa.

"Dattijo, an riga an hukunta ka. Me kuma kake nema?"

"A cire sunan direban."

Akawun ya ce ba shi da takardar da ake cikewa don wannan.

Wata biyar Baba ya yi yana cigiyar matar direban. A wani asibiti ya same ta, tana aikin shara. Ta zo gidanmu wata safiya da kayan aikinta a leda, doguwar mace ramammiya. Ta ƙi zama, ta ƙi shan ruwa. Baba ya yi mata bayani, ya miƙa mata bututun takardar. Ta durƙusa ta leƙa. Ya matsar da ɗan mutumin, ta sake leƙawa.

"Dangin leburorin nan jifan gidanmu suka yi," ta ce, ba ta dube shi ba. "Yarana a makaranta 'ya'yan mai kisa ake ce musu, sai da muka bar garin. Shekara huɗu ina jin haushin mijina yana kwance a ƙasa. Ko addu'a zan yi masa sai na danne zuciyata."

"Ki yafe mini, baiwar Allah."

"Ban sani ba, Malam. Yau na ji. Ka bar ni in je gida."

Ta sauka daga benen. Ba ta sake dawowa ba, ba ta kuma aiko ba.

Daga ranar Baba ya cire batir ɗin jirgin. Amma bai daina gini ba. Ya ƙara unguwanni, da rijiya, da makarantarmu, da gidan da aka kore mu daga ciki, har igiyar shanya. Idonsa ya yi rauni, yana aiki da tabarau biyu, ɗaya a kan ɗaya. Tari ya kama shi, likita ya ce ya rabu da gam da fenti, ya ce to, ya dawo ya ci gaba. Yaya ya yi aure ya tashi, ni ma na yi. Mama ta zauna da shi, sai dai ta daina yi masa ba'a.

Ya rasu shekara bakwai bayan zuwan matar. Yaya ya ce Mama ta koma gidansa da zama, mai gidan kuma ya ba mu mako biyu mu kwashe kaya. Garin ya ƙi fita ta ƙofa, don Baba ya haɗe ƙyauren uku da ƙusa da siminti. Muka kira kafinta, ya tsaya yana kallonsa da zarto a hannu.

"Ta ina zan fara?" ya ce.

Sai kawai ya fara ta tsakiya. Gida biyar ya yanka shi. Ni ɗakina ɗaya, Yaya ya ce ba zai shiga gidansa ba. Muka jingine guntayen a ƙarƙashin matakala, da niyyar in nemi makarantar da za ta karɓa. Kwana biyu aka yi ana ruwan sama, kwalin ya jiƙe ya lanƙwashe, yaran gidan suka cire bishiyoyin. Ranar da na dawo da mai kurar ɗaukar kaya, aka ce min motar shara ta riga mu.