Ranar da Na Karanta Littafina a Shagon Taki

Tun da kun matsa sai na ba ku labari, to akwai wata Talata da ban taɓa mance ta ba, kuma ba na jin zan mance ta har a kai ni makwancina. Lokacin ina ƙaramin jami'in tsare-tsare, mataki na takwas, a sashen da ke tsara hanyoyin motocin haya. Ga ƙuruciya, ga takardar digiri ko ninkewa ba ta yi ba, ina ganin duk matsalar sufuri ta duniya biro da agogo ne maganinta. Ku da kuke murmushi yanzu, wallahi na fi ku ɗaga kafaɗa.

An ba sashenmu aikin duba yadda za a ƙara motoci tsakanin Birnin Gwari da ƙauyukan da ke kewaye da ita, musamman ranakun kasuwa, a kuma fitar da jadawali, wato a ce mota kaza za ta tashi ƙarfe kaza daga wuri kaza. Kafin a kai nan sai an yi abin da muke kira ƙirga. Ga wanda bai san aikin ba, za ka je inda ake lodi ka sami wuri ka zauna. Ka rubuta lokacin da kowace mota ta iso da lokacin da ta tashi, mutum nawa ta ɗauka, wane irin kaya, mutum nawa ta bari a ƙasa. Sannan ka bi hanyar da kanka, ka rubuta duk inda mota take rage gudu, don ka san tsawon lokacin da tafiyar take ci.

Akwai ƙa'ida guda da aka cusa mana tun muna sababbi: mai ƙirga ba ya sanarwa. In direbobi suka san ana ƙirga su, wani zai ƙi fitowa, wani zai sauya inda yake lodi, don tsoron za a kawo motocin da za su kashe masa kasuwa, shi ke nan lissafinka ya tashi a banza. Ranar da zan tafi sai da Daraktan sashenmu ya maimaita mani. Ya ce, "Sabi'u, ka zauna gefe, ka ja bakinka ka yi shiru, ka yi rubutunka." Na ce, "An gama, Yallaɓai." A cikin garin Kaduna na yi haka a tashoshi da dama, ba wanda ya ko ɗaga kai ya dube ni. Saboda haka takardar gabatarwa da aka ba ni, a masaukina na Birnin Gwari na bar ta cikin jaka. Ban je na gai da mai gari ba, ban je na gai da kowa ba.

Ƙauyen da abin ya faru ba zan faɗi sunansa ba. Yana can ta gefen dajin Kamuku, kasuwarsa tana ci ranar Talata. Damina ta sauka, ciyawa ta yi tsawo, daji ya rufe hanya ta ko'ina. Talata biyu na yi ina zuwa, in zauna kan wani kututture kusa da wata mata mai suyar ƙosai da ake kira Mama Ladi, in sayi ƙosai, in buɗe littafina. Ashe ina ƙirga motoci, ita kuma tana ƙirga ni.

Talata ta uku, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, na miƙe na ɗauki hoton wata mota da fataken shanu suke shiga. Ina dawowa in zauna sai ta ajiye matsaminta ta ce, "Malam, kai wai me kake rubutawa kullum?"

Da na san abin da ke zuciyarta, da na zayyana mata har sunan kakana. Amma ƙa'ida ce a kaina. Na yi wani murmushin wayewa na ce, "Ba komai, Mama, wasu 'yan lissafi ne."

Ta ƙura mani ido. Sai ta miƙe ta ɗora hannu biyu a ka, ta kurma ihu: "Jama'a, infoma! Ga infoma!"

Kun san abin da kalmar nan take nufi a wannan yanki: wanda yake zama cikin mutane yana kai wa ɓarayin daji rahoto. Kan ka ce kwabo kasuwa ta juyo kaina. Ban ga wanda ya fara kai mani mari ba, na dai tsinci kaina a ƙasa cikin taɓo, an fizge littafin, an fizge wayar. Na zaro katin shaidar aiki ina ɗaga shi sama. Wani ya buge shi ya ce, "Su ma na dajin kakin soja suke sawa, balle kati!" 'Yan sa-kai suka iso da bindigoginsu na gargajiya. Daga baya can na ji wata murya tana cewa a kawo taya, wata ta ce akwai fetur a wurin masu babur.

Na ji tsoro, ba zan ɓoye maku ba. Tsoron da na ji ban san akwai irinsa ba. Ina so in yi kalmar shahada harshena ya ƙi juyawa. Abin da ya zo mani a rai shi ne mahaifiyata a Zariya, wadda na ce wa Kaduna nake, don kada hankalinta ya tashi.

Sai na ji an daka tsawa. Sarkin tasha ne, Baba Ɗanlami, tsohon direban babbar mota, yana ɗingisa ƙafa ɗaya. Ya ratsa mutane ya tsaya a kaina ya ce, "Ba mai kashe mutum a tashata sai na ji abin da ya rubuta. In infoma ne, ni da hannuna zan miƙo maku shi." Shi da shugaban 'yan sa-kai, wani dogo mai suna Iro, suka ja ni zuwa shagon mai sayar da taki, suka tura ni ciki, suka ja ƙofar ƙarfe. A waje mutane suna dukan ƙofar da tafin hannu.

Baba ya zauna kan buhu ya miƙo mani littafin, wanda suka karɓo da wayar daga hannun jama'a. Ya ce, "Da Turanci ka rubuta. Karanta mana da Hausa, layi-layi. Iro ya gama sakandare, yana bin ka da ido. Ka tsallake kalma ɗaya, in buɗe ƙofar nan."

Na fara karantawa. "Ƙarfe tara da rabi, mota ta tashi da fatake takwas, sun gama sayar da shanu." Iro ya dubi Baba. Na ci gaba. "Masu manyan kaya sun fi son motar ƙarshe." Na juya shafi. "Kwalbati na biyu bayan gari, mota tana rage gudu kamar tafiyar ƙafa. Ciyawa ta rufe gefe biyu. Babu sabis na waya daga nan har gada."

A nan na tsaya. Ba su ne suka tsayar da ni ba, ni ne na ji abin da bakina yake faɗa. Wallahi da ni ne a waje aka karanta mani wannan, da na rantse mai littafin infoma ne. Babu abin da ɓarawon daji yake buƙata wanda ban jera masa ba, da layi da lamba, da kyakkyawan rubutu. Iro ya buɗe wayata ya nuna wa Baba hotunan kwalbatin, da kwanar da ke gabansa, da fuskokin fatake. Ya ce, "Baba, me kuma muke jira?"

Baba ya miƙo hannu. Ya karɓi littafin, ya sa tabaraunsa, ya shiga juya shafuka a hankali har ya kai can baya, inda nake 'yan rubuce-rubucena da Hausa don tuna wa kaina. Ya ɗora yatsa yana karantawa da kyar, baƙi-baƙi. "Tsoho mara lafiya ya kwanta a ƙasa tun safe har azahar yana jiran motar asibiti. Ana buƙatar rumfa da benci." Ya juya. "Mace mai goyo ta faɗi wajen rububin hawa. A duba ko za a ware wa mata mota."

Ya cire tabarau ya ce, "Iro, tun da ake kama infoma, ka taɓa jin wanda ya damu da rumfa?"

Iro ya ce, "Wayo ne, Baba."

"Wayon da zai ɓoye a shafin da ba ya tsammanin kowa zai buɗe?" Sai ya juyo gare ni. "Ɗana, wa ya aiko ka, kuma me za a yi da wannan?"

Na zayyana masa komai, ina haɗa kalmomi da hawaye. Don in ƙara wanke kaina har da ɗaga murya: za a ƙaro motoci, za a fitar da jadawali, kowa ya san ƙarfe nawa mota za ta tashi, a manna a bangon tasha, a sanar a rediyo.

Iro ya sauke bindigarsa yana kallona baki buɗe.

Baba ya ce, "A rediyo."

Na ce, "Ƙwarai, Baba, don jama'a su huta da jira."

Ya ce, "Inna lillahi. Ɗana, su na dajin ba su da rediyo ne?" Ya nuna wani layi da na karanta masu tun farko, inda na rubuta cewa direbobi ba su da tsari, yau su tashi da wuri gobe su makara, wani lokaci mota ba ta cika ba. Ya ce, "Wannan rashin tsarin da ka gani, shi ne tsarinmu. Ko ni ban san lokacin da mota za ta tashi ba sai na ce ta tashi. Ina jiran mai babur ya fito daga can ya ce mani hanya lafiya. Infoma mota ɗaya yake sayarwa a rana. Kai kuma za ka tafi Kaduna ka sayar da mu duka, na shekara guda, da hatimin gwamnati."

Na sunkuyar da kai, kunya ta zo ta zauna a kan tsoron.

Da aka buɗe ƙofa, Baba ya riƙe hannuna ya yi wa jama'a bayani. Wasu suka yarda, wasu suna ta gunaguni. Ya ce in goge hotunan a gabansu, na goge. Littafin kuma, aikin mako uku, ni da kaina na durƙusa na cusa shi cikin murhun Mama Ladi. Ba ta dube ni ba. Tana kallon wutar ta ce, "Mijina wata huɗu ke nan yana hannunsu. A kwalbatin nan aka sauke shi. Wani ne ya faɗa masu motar da ya shiga." Na ce, "Allah Ya kuɓutar da shi, Mama." Ta ci gaba da suyarta.

Baba ya raka ni har jikin motar da za ta mai da ni Birnin Gwari, ya ce wa direban kada ya tsaya ko'ina. Ina ta yi masa godiya, sai ya kau da kai ya ce, "Bar godiyar nan. Bara an kama wani a nan, shi ma da littafi a hannu. Ranar na tafi jana'iza, ba na gari. Ba wanda ya karanta nasa. Tare da shi ya ƙone."

A ofis Darakta ya yi faɗa kamar zai ari baki, har da takardar neman bahasi a kan lalata kayan aiki. Na amsa ta da shafi huɗu, na rubuta duk abin da na gaya maku yanzu. Ya karanta, sannan ya ce in sake tsarin. An ƙara motoci ranakun kasuwa, an yi rumfar, amma ba a manna lokaci a bangon kowa ba. Tashin mota ya zauna a bakin sarkin tasha.

To, ku da za a tura gobe, ga abin da na koya. Ƙa'idar da ta yi aiki a cikin birni ba lallai ta yi a bakin daji ba. In kun ga mutane suna abin da kuke ganin shirme ne, ku tambaye su dalili kafin ku rubuta cewa ba su da tsari, don mai yiwuwa da wannan shirmen suke raye. Kuma kafin ku buɗe littafi a garin mutane, ku je ku durƙusa ku gai da masu garin, ku faɗi sunanku da abin da ya kawo ku, ko da lissafin zai ɗan karkace.

Ni dai na dawo gida, na yi aure, ga ni har na yi furfura ina ba ku labari. Amma mutumin nan da aka kama kafin ni, ban san sunansa ba, ban san garinsu ba. Wataƙila infoma ne. Wataƙila kuma wani ofis ne ya aiko shi ƙirga rijiyoyi, aka ce masa ya zauna gefe ya yi shiru.