Kunnen Dama na Baba

A gidanmu, in za ka yi wa Baba magana sai ka zagaya ta damansa. Kunnen hagu ruwan dam ɗin Tiga ya karɓe shi tun ina sakandare.

Baba masunci ne. A ƙarƙashin dam ɗin akwai itatuwan da ruwa ya shanye a tsaye, su ne ke riƙe wa masunta raga. Wani in tasa ta maƙale sai ya yanke ya haƙura. Baba kuwa ina! Tuɓe riga zai yi ya yi nutso ya kwanto abarsa. A haka wata rana ya taso jini na bin wuyansa, shi ke nan kunne ya mutu.

Inna, mahaifiyarmu, tun aurensu take dangwala auduga a man shanu ta toshe masa kunnuwa kafin ya fita, wai kada ruwa ya shiga. Da na hagun ya mutu sai ta ƙara wa na daman auduga. Tana cusawa tana mita, shi kuma ya karkatar da kai yana murmushi.

Na gama karatu ina koyar da kimiyya a Tudun Wada, sai na zo hutu da damina na tarar da shi dafe da kunnen dama, wai yana masa ƙugi. Na yi magana, na yi magiya ya daina nutso, mutumin nan sai ya juyo mini da kunnen hagu. Haka yake wa duk wanda ya ishe shi, kuma har yau in na tuna sai haushi da dariya su kama ni tare.

Na ɗauko dogon gwangwani na huda shi da ƙusa, sama da tsakiya da gindi, na cika shi da ruwa a gaban Baba da Inna. Hudar sama ta riƙa zuba a sanyaye, ta gindin kuwa ta yi tsartuwa har kan tabarmar Baba.

Ya janye ƙafa ya ce, "Karatun da aka kai ki ke nan, huda gwangwanin mutane?"

Na ce, "Baba, ruwan sama ne ke danna na ƙasa. Iya zurfin da ka yi, iya ruwan da ke danna maka dodon kunne. Kuma abu mai nauyi ya fi dannawa. Jarkar ruwa ai ta fi jarkar kananzir nauyi. Haka ruwan nan na damina mai laka ya ɗan ɗara na rani, ga dam ya cika, itatuwan sun ƙara nisa da sama."

Inna ce ta ajiye tankaɗen da take yi ta ce, "To audugar fa?"

Na so in yi mata kwana, amma kunnen nan guda ne ya rage. Na ce mata auduga ba ta tare nauyin ruwa, turata yake yi ciki, tana ma iya ƙara ɓarna. Ta dubi hannunta. Wallahi na ji tausayinta har na ji kamar in janye maganata.

Can ta tashi ta kakkaɓe zane, ta zagaya ta damansa ta durƙusa.

Ta ce, "Malam, ɗayan nan ne ya rage mini. In ka ba ruwa shi, da wa zan yi faɗa?"

Ya ce, "To, na ji."

Bai sake nutso ba. Raga ta maƙale ya yanke, ya dawo yana ƙunƙuni, yana cewa mun haɗa kai mun mayar da shi rago. Ƙugin ma ya lafa a hankali.

Bayan shekaru Inna ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Muryar nan da ake jiyowa daga zaure ta ƙanƙance har mu da ke zaune a gefenta ba ma jin komai, leɓe kawai muke gani yana motsi. Ranar ƙarshe, da hantsi, ta yafito Baba. Ya sunkuya ya kara kunnen dama a bakinta, ya daɗe a haka yana gyaɗa kai, har ya ɗan yi dariya hawaye na zuba.

Bayan an yi sadakar uku na tambaye shi me ta ce.

Ya ce, "Ba da ku take ba. Amma na ji duka."