Mudu da Sandar Makafi

Duk wanda ya taɓa neman mai ɗaukar hoton kayan talla a garin nan ya san Mudu, ya kuma san bakinsa. Sunan ma bakin ne ya jawo masa. Tun yana da ƙuruciya wani mai kayan ɗaki ya yi masa gardama kan launin wata kujera, ya ce masa, "Kai yaro, ido fa ba mudu ba ne." Shi kuwa ya riƙe ƙugu ya ce, "Naka dai. Nawa mudu ne, har da sikeli." Aka ɗauko hoton aka kara da kujerar, sai ga shi yaron ke da gaskiya. Daga ranar sunansa na asali ya ɓace. Yanzu da ya haura sittin, Baba Mudu ake ce masa.

Ba ya ɗaukar hoton mutane. Ya ce mutum yana da baki, in hoto ya yi masa ƙarya zai kare kansa, amma takalmi da katifa da kwalbar turare ba su da mai yi musu magana sai mai hoto. Shagonsa ɗaki ne mai tsawo a saman bene, bayan layin masu gyaran firji. An toshe tagogin da baƙin ƙyalle. Akwai faffaɗan tebur, fitilu uku masu lema, kyamara a kan ƙafafunta, sai kwamfuta a lungu da wata kujera da ta lotsa daidai zamansa. A ƙusa kusa da ƙofa kuma ga wani kati mai ruwan toka rataye cikin jakarsa, ba a taɓa buɗe ta ba.

Masu sana'ar sun san aikin katin nan. Kana jingina shi gaban kaya a hoton farko, sai kwamfuta ta dubi tokar ta gane launin gaskiya, ta daidaita sauran a kai. Mai sayar da kyamara ne ya ba shi kyauta, shi kuwa ya laƙaba masa suna sandar makafi.

In sababbin masu hoto suka hau benen neman shawara, ba ya yi musu rowa. "Kafin ka taɓa kyamara, taɓa kayan," yakan ce. "Ka shafa, ka juya, ka ji nauyinsa. Ka tambayi mai shi inda hoton zai je, don abin da za a liƙa a bakin titi daban, na cikin littafi daban. Ka kashe ƙwan lantarkin ɗaki, munafuki ne, yana ɓata launi a ɓoye. Kuma kada ka gyara kaya har mai saye ya kasa gane shi in an miƙo masa." Sai ya nuna ƙusar nan da haɓa. "Wancan kuwa, ranar da kuka ga na sauke shi, ku zo ku yi wa iyalina gaisuwa."

Babban aikinsa na wani kamfanin fenti ne. Duk shekara sukan shafe ɗakunan gwaji da launukansu, ya ɗauka, a buga littafin da masu saye ke dubawa su zaɓa. Shekara ashirin da shida yana wannan aiki, tun zamanin tsohon mai kamfanin, mutumin kirki, wanda ya fara ba shi dama lokacin da ba wanda ya san shi. Da tsohon ya rasu, ɗansa ya zama manaja.

To, shekara biyu da suka wuce sai Mudu ya lura fentin ya fara canjawa. Launin ruwan madarar da ya sani kamar tafin hannunsa ya soma yin rawaya. Farin ma ya dishe. Ya girgiza kai ya ce a ransa, yaran zamani ke nan, uba na kau da ido an fara ha'inci a haɗi. Ya so ya yi magana, sai ya tuna alherin marigayin. A'a, ba da bakinsa za a tona asirin gidan nan ba. Saboda haka in ya zauna gaban kwamfuta sai ya riƙa zare rawayar kaɗan-kaɗan, har launin ya koma yadda ya san shi a kansa. Bai faɗa wa kowa ba. Har wani daɗi yake ji, wai shi mai rufin asiri.

Wata safiya manaja ya kira shi ofis. Littafin bana na buɗe a kan tebur, ga gwangwanin fenti a gefe.

"Baba, zauna," in ji manaja, yana sosa ƙeya. "Wallahi nauyin maganar nake ji. Mutane na dawo mana da fenti. Sun ce a littafi fari ne mai ɗan shuɗi, in sun shafa a bango sai ya fito ruwan madara. Jiya wani mai masauki ya zo har nan yana faɗa, ɗakuna goma sha biyu ya shafe."

Tabɗi! Ran maza ya ɓaci. "Ni za ka kira ka ce hotona ya yi ƙarya? Fentinku ne ya lalace! Shekara biyu ina rufa muku asiri saboda mahaifinka, yau ni ne mai laifi?"

Manaja bai ɗaga murya ba. Ya aika aka ɗauko allon gwaji na zamanin mahaifinsa, wanda ake adanawa a akwati don kada haske ya taɓa shi, ya jera shi da na bana. "Duba, Baba. Haɗin bai canja ba ko da ɗigo."

Mudu ya duba. Iri ɗaya ne, kuma duka biyun rawaya. Amma bakin bai mutu ba. "Wannan ma ya tsufa," ya ce.

"Baba, ka yi mana aiki iyakar yi. Ko za ka huta? Akwai waɗansu da muka yi magana da su, za a sake buga littafin nan da kwana goma."

"Hutu na kabari," in ji Mudu. Ya suri hularsa ya fita, ko sallama babu.

Matarsa tela ce, shekara talatin tana ɗinki a ɗakin gaba na gidansu. Ya same ta a kan keke, ya zazzage mata labarin yana kai da kawowa, yana la'antar yaran da ba su san darajar manya ba. Ta bar shi ya gama. Sannan ta jawo akwatin zare ta fitar da guda huɗu ta jera a kan keken.

"Malam, miƙo mini farin."

"Wane irin wasa ne wannan?"

"Miƙo mini dai."

Ya dubi biyun farko. Ya kai su bakin taga, ya juya, ya ƙanƙance ido. Ya miƙa mata ɗaya.

"Wannan ruwan madara ne," ta ce. "To, baƙin fa?"

Ya miƙa mata shuɗi mai duhu.

Ta ce, "Na fi shekara da sani. Ka ce na daina iya wanki, fararen rigunanka sun dishe. Ka canja ƙwayayen gidan nan kaf, wai ba su da haske. Ran nan ka fita da safa ɗaya baƙa ɗaya shuɗiya, ka dawo ba ka sani ba."

"Shi ne ba ki faɗa mini ba?"

"Wa ya isa? Kai da ko ciwon kai ba ka yarda kana yi? Laifi tudu ne, Malam. Ka taka naka, ka je kana hango na ɗan mutane."

Ya zauna a kan buhun ƙyallaye. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da kyamararsa ta farko ta faɗo daga tsani. In idon nan ya tafi, me ya rage? Shi ba ɗan kasuwa ba, ba manomi ba. Ido kawai yake da shi, kuma shi ya yi ta tutiya da shi a gaban duniya.

Washegari ta raka shi wurin likitan ido. Likita ya haska ya ce yanar ido ce, ta rufe idon biyu sannu a hankali, ita ke sa ya ga komai kamar an shafa masa rawaya. Aiki ne mai sauƙi, in ji shi, amma layi sai nan da wata biyu. Littafi kuwa saura kwana tara, kuma Mudu ya san sana'arsa: wanda ya ɗauki littafin bana, shi zai ɗauki na baɗi.

A hanyar gida matar ta ce, "Ka haƙura da na bana."

"Ban haƙura ba."

"To da wane idon?"

Ya wuce shago, ita kuma ta bi shi, don ta san halin kayanta. Ya hau benen, ya tsaya gaban ƙusar nan ya fi minti biyar. Sannan ya miƙa hannu ya sauke katin, ya hure ƙurar jakar.

"Ikon Allah," in ji matar. "In je in shimfiɗa tabarmar karɓar gaisuwa?"

"Ki bari sai na mutu."

Ya koma wurin manaja a ranar. Bai zauna ba. "Fentinku lafiyarsa ƙalau," ya ce. "Na zarge ka da ha'inci, ban kyauta ba, ka yafe ni. Idona ne. Amma ba roƙo na zo yi ba. Ka ba ni ɗaki ɗaya, na ruwan madarar nan. In an buga hoton a kara shi da bango a gaban kowa. In ya saɓa, ka ba wa wanda ka ga dama, ni da kaina zan nuna masa inda ake kafa fitila."

Manaja ya ce, "Ɗaki ɗaya, Baba."

Ya ɗauki hoton yadda ya saba. Ya kashe ƙwan ɗakin, ya kafa fitilunsa, ya matsar da kujera taku ɗaya don inuwarta ta kwanta inda yake so. Wannan duk hannunsa ya sani, ba sai ya tambayi kowa ba. Abu ɗaya ne sabo: ya jingina katin toka a bango, ma'aikata na kallo, waɗansunsu sun sha jin abin da yake ce wa katin. Ya yi kamar bai gan su ba.

Wahalar tana gaban kwamfuta. Ya danna kan tokar, hoton ya daidaita kansa, sai ga ɗakin ya fito masa rawaya shar, kamar tsohuwar takarda. Kai, ransa ya ƙi! Shekara arba'in idonsa bai taɓa yarda irin wannan ya fita daga shagonsa ba. Hannunsa ya tafi da kansa zai zare rawayar.

"Malam," in ji matar, wadda ta ja kujera ta zauna kusa da shi. "Cire hannunka."

"Kaɗan zan rage. Ke ba ki ga ya yi yawa ba?"

"Ni ruwan madara nake gani, irin na zaren jiya."

Ya sake kai hannu. Ya janye. Da ya ga abin na neman fin ƙarfinsa, sai ya tusa hannayensa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya zauna a kansu, dattijo da furfura, gumi na karyo masa.

"Tura wa maɗaba'a," ya ce. "Ke tura. In na taɓa, zan ɓata."

Bayan kwana biyu aka taru a ɗakin gwaji da hantsi, manaja da masu haɗa fenti da masu shafe. Mudu ya zare hoton daga ambulan da kansa, ya taka har bango ya manna shi. Ɗaya daga cikin masu haɗa fentin, wanda shi ma ya daɗe a gidan, ya matso ya duba ta dama, ya duba ta hagu. Ya ja da baya ya ce, "Wallahi sai ka lalubi gefen takardar."

Manaja ya sauke ajiyar zuciya ya yi dariya. "Baba, ashe idon na nan!"

Da Mudu ya yi shiru, da maganar ta tafi a haka. Amma ina. Ya juyo ya dubi mutanen ɗakin ɗaya bayan ɗaya.

"Ba ya nan," ya ce. "Ni yanzu haka bangon da hoton duka rawaya nake ganinsu. Katin nan ne ya gani, da matata. Ku faɗa wa duk wanda na taɓa yi wa dariya cewa Mudu ya riƙe sanda." Ya zaro katin daga aljihu ya ɗaga shi sama. "Idon ne ya tsufa, ba ni ba. Saura ɗakuna nawa?"

"Goma sha tara," in ji manaja.

"To me ake jira? Wani ya kashe mini ƙwan can."